Jawabi a kan kamfanin Merck da makantar bakin kogi



Ran 30 ga Janairu 2025, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta shaida cewa Nijar ce ƙasar farko a Afirka da ta rabu da makantar bakin kogi, cutar da cizon baƙin ƙuda ke haddasawa. Wani sashe na wannan nasara cikin wani kamfanin magani na Amurka ya samo tushe, Merck.

A 1978, William Campbell, ma'aikacin bincike a kamfanin, ya kawo shawarar a gwada ivermectin, maganin tsutsar dabbobi, a jikin mutane. Masu ciwon talakawa ne, babu ribar da za a ci. Duk da haka shugabanni ba su toshe masa baki ba. Likita Mohammed Aziz ya fara gwaji a Dakar a 1981. A 1987 shugaban kamfanin, Roy Vagelos, ya yi alkawalin ba da maganin, Mectizan, kyauta, har ranar da buƙata ta ƙare.

Amma kyauta ba ta kai kanta ƙauye. A Nijar sai da aka yi feshin ƙuda daga 1976 zuwa 1989, ma'aikatan lafiya kuma suka raba ƙwayoyi daga 2008 zuwa 2019.

Abin lura ga mai kanti da darakta: ma'aikatar da ƙarami ke tsoron buɗe baki, shawararsa a cikinsa take mutuwa.

Allah ya ba mu lafiya.