Kafin Kwamfuta, Sai Lissafi

Yaro ne zai gama sakandare ya ce shi kimiyyar kwamfuta zai karanta, sai ya shiga shirin share fagen jami'a na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da jarrabawarsa. Zatonsa kullum yana gaban kwamfuta. Ina! Lissafi ne da fizis da kimistiri, a dunƙule cikin kusan shekara guda, ga cunkoson ɗakin kwana, ga karatun dare da fitilar waya. Ɗalibai na ƙorafi. Ni dai ban ga laifin tsarin ba, domin wanda aljabara ta gagara, rubuta manhaja ma sai ta ba shi wuya. Wanda ya samu maki mai kyau kuwa yana iya neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hannun hukumar JAMB.