Daga filin jirgin sama zuwa tashar jirgin ƙasa

Wanda ya sauka a filin jirgin saman Charles de Gaulle na Paris, alhali Brussels ya nufa, ba sai ya shiga cikin gari ba. Akwai tashar jirgin ƙasa a sashe na 2 na filin, kuma jirgin TGV yana kai mutum Brussels cikin kamar awa ɗaya da rabi.

Inda 'yan'uwanmu ke yin asara shi ne wajen lissafin lokaci. Jirgin sama kan makara, layin duba fasfo kan yi tsawo, ga jiran kaya. Idan tikitin jirgin ƙasa daban ka saya, mai rahusa, jirgin ya tashi ya bar ka, sau da yawa kuɗin sun tafi. A ganina a bar tazarar awa 3, ko a sayi tikitin da ya haɗa jiragen biyu, don kamfanin ya sa ka a na gaba.

Mai zuwa Landan kuma ya kula: bizar Schengen ba ta shiga Birtaniya. Jirgin ƙasa na Eurostar mai zuwa Landan daga tashar Gare du Nord ta cikin Paris yake tashi, kuma tun a nan jami'an Birtaniya ke duba takardu.