A JI TA BAKIN TALAKA KAFIN A TABA GONARSA DA RUWANSA

Jama'ar Janbako, manoma da masunta da makiyaya, da ku 'yan kasuwa maza da mata, maganarmu ta yau a kan ruwa da ƙasa ce, da kuma hakkin talaka na a sanad da shi, a nemi shawararsa, kafin a yanke hukunci a kan abin da yake ci da shi. Ba sai mun je nesa neman misali ba, ga Bakolori nan a ƙofar gidanmu.

A shekarar 1969 masanan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka gama binciken Gulbin Sakkwato, suka ba da shawara a yi aikin ban ruwa sannu a hankali, yadda manoma za su saba da shi. Da kuɗin man fetur suka shigo, sai Gwamnatin soja ta zaɓi babban aiki. Aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangila, aka gama madatsar a 1978. Tafkin ya shanye ƙasa kimanin hekta 8,000, aka ce za a shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun.

To, wa aka tambaya? Mutum wajen 13,000 aka tayar daga gidajensu da fadamunsu, aka kai da yawa daga cikinsu Sabon Maradun, kan tudu mai tsakuwa. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa aka hana su shuka, waɗansu har damina biyu ko uku, ana baje ƙasa da manyan motoci. Aka sare itatuwan amfani, aka share iyakokin gonakin gado. Diyya kuwa ta yi ta jinkiri, wadda ta fito ma ba ta kai ga masu ita duka ba.

Manoma suka yi ta kai kuka, ba a saurara ba. Da suka gaji sai suka tare hanyoyin aikin. Cikin watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, amma waɗanda suka bi sawun abin sun ƙirga fiye da 380. Allah ya jiƙansu. Abin da suka nema bai wuce diyyar gonakinsu da a saurare su ba.

Mutanen da ke ƙasa da madatsar su ma ba wanda ya neme su. Da can gulbi yakan cika ya malala cikin fadama kowace shekara, ya bar laima da taki, a noma shinkafa, a yi lambu da rani, a kama kifi. Da aka tare ruwan sai malalar ta ragu. Shinkafa ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci, masu lambu suka koma haƙa rijiya mai zurfi. Ku 'yan kasuwa kun san ma'anar wannan, domin abin da bai fito daga fadama ba ba zai zo kasuwar Talata ba. Ban da haka, injunan yayyafa ruwa da aka kashe dukiya a kansu suna bukatar lantarki da gyara kullum. Kafin 2003 sun tsaya, abin da ake nomawa ya koma wajen hekta 7,500. Da an zauna da manoma tun farko, da an ji irin aikin da za su iya riƙewa da hannunsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Irin wannan rashin sanarwa ya sake cin rayuka a 2010, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Iyaye suna niƙa dutsen zinariya cikin gida, ba wanda ya faɗa musu ƙurar guba ce, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ga ƙananan kaburbura sun yi yawa.

Yanzu kuma ga canjin yanayi. Dattawa sun tuna farin 1973 da na 1984. Yau damina takan makara, ko ta ɗauke ana tsakar bukatarta, ko ta zo da ambaliya. Masana sun tabbatar hayaƙin masana'antu da motoci ne ke ɗumama duniya, rabon Afirka duka a cikin wannan hayaƙi bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Saboda haka a taron ƙasashen duniya da aka yi a Masar a 2022 aka yarda a kafa asusun biyan hasarar ƙasashe matalauta. Kuɗin da aka karɓo da sunan manomin da gonarsa ta nutse, lalle ne manomin ya san nawa ne, ya kuma san inda suka shiga.

Kada wani ya ce muku roƙo kuke yi. Doka tana bayanku. Dokar duba illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ce kafin a fara babban aiki tilas a rubuta illarsa, a ajiye rahoton inda jama'a za su gani su faɗi ra'ayinsu. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa ofishin Gwamnatin Tarayya ya nemi takarda, a amsa masa cikin kwana 7. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai kula da Bakolori, ofishin Tarayya ce. Haka kuma aikin gyaran ban ruwa na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da rancensa a 2014, ya sa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa cikin tsarinsa. Rance ne fa, mu da 'ya'yanmu za mu biya.

Amma ina amfanin rahoton da aka rubuta da Turanci aka kulle a ofis a Gusau ko Abuja? Don haka ga abin da muke nema.

Na ɗaya, duk sanarwar da ta shafi ƙasa da ruwa a yi ta da Hausa, da boko da ajami, a karanta a rediyo, a yi shela ranar kasuwa.

Na biyu, a yi taro a ƙauyen da abin ya shafa kafin a sa hannu a kwangila. A kira mata masu surfe da sayad da shinkafa, da masunta, da Fulani masu neman burtali da mashaya, da mutanen ƙasa da madatsa.

Na uku, a faɗi ranar da za a buɗe ruwa da ranar da za a rufe tun da wuri, kada mai yabanya ya wayi gari cikin ambaliya ko ƙishi.

Na huɗu, shugabannin ƙungiyoyin ruwa manoma su zaɓe su da kansu, a karanta lissafin kuɗin ruwa a bainar jama'a kowace shekara.

Na biyar, in za a karɓi gona a auna ta a gaban mai ita da shaidu, a biya shi a hannunsa kafin mota ta shiga.

Mu ma da namu aikin. In an kira taro mu je, kada mu bar wa masu unguwa da 'yan kwangila. Kowane ƙauye ya sami ɗan makaranta mai rubuta abin da aka faɗa da wanda ya faɗa, a ajiye takardar. In za mu kai kuka mu kai shi a rubuce, da sa hannun mutane da yawa, cikin lumana. Ku 'yan kasuwa kuna yawo daga Mafara zuwa Bakura zuwa Maradun, ku ne jaridar wanda bai iya karatu ba. Abin da kuka ji a nan ku kai shi rumfa rumfa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba ƙasarmu lafiya. Wassalam.