Lambu a Buhu, Tarwaɗa a Tanki

 

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk abin da mota ke ɗaukowa daga ƙauye zuwa kasuwar 'Yankaba ya ƙara kuɗi. Iyaye mata sun fi ni sanin wannan. Idan cefane ya gaza, tuwo ba ya raguwa da yawa, miya ce ke shan wahala: a cire kifi, a rage ganye, a ƙara ruwa da gishiri. Yaro ya ƙoshi, amma jiki bai samu abin ginuwa ba. Ta nan tamowa da ƙarancin jini ke shigowa gida, ba sallama.

Wani zai ce noma a birni baƙon abu ne. To, wanda ya san tarihin Kano ba zai faɗi haka ba. Magabatanmu da suka gina ganuwa sun zagaye har da gonaki, don ko an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci. Baturen nan Barth da ya zo a 1851 ya tarar da filayen noma a cikin badala. Kuma dattawan da ke nan sun ga lokacin da jakuna ke fita da takin gari a mangala, su dawo da itace da hatsi. Filayen ne muka cika da gine-gine, shi ya sa yanzu sai dabara.

Ga buhun nan da na zo da shi, na shinkafa ne da aka gama da shi. A huhhuda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A haɗa ƙasa mai kyau kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Na ce ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake yi. A ajiye inda rana ke samunsa aƙalla rabin yini. Alayyafo cikin mako uku zuwa huɗu an fara yanka. Rama, yakuwa, kuɓewa, attaruhu, duk suna yi. Zogale kuwa a ba shi kusurwar tsakar gida, a riƙa sare kansa kada ya tsere sama. Babban abokin gabar wannan lambu ba tsutsa ba ce, akuyar gida ce, don haka a tanadi shinge tun kafin a shuka.

Abin da zan roƙe ku da girman Allah shi ne ku guji ruwan kwata. Mun san ana ban-ruwa da ruwan rafin Jakara, kuma ba zagin masu yi na zo ba, neman halali suke. Amma ruwan nan yana ɗauke da ƙazantar bayan gida, ga na masana'antun Bompai da ke biyo rafin Getsi. Latas ko kabejin da za a ci ɗanye, in da irin wannan ruwa aka shayar da shi, taifot da tsutsar ciki ake saye da kuɗi. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi, ko na alwala, a tara a bokiti, ya wadatar da buhu biyar.

Sai kifi, wanda na san shi ya fito da yawancin matasan nan. Tarwaɗa ta fi dacewa da mu, saboda tana shaƙar iska daga sama, tana kuma jure cunkoso fiye da ƙarfasa. Tankin roba mai lita 1,000 ko na tamfol ya isa. Mai farawa ya zuba 50, kada ya wuce. A sayi 'ya'yan da suka ɗan tasa, kamar tsawon yatsa, daga wurin mai ƙyanƙyasa da aka sani. In an kula da su, cikin wata biyar zuwa shida ɗaya kan kusanci kilo guda.

Amma ku ji gaskiyar da masu tallan 'ya'yan kifi ba sa faɗa. Abinci shi ke cinye fiye da rabin jarin. Kifi 50 za su ci buhu huɗu ko biyar mai kilo 15 kafin su isa kamu. Ni kaina na fara da 300 saboda zumuɗi, kuɗin abinci ya ƙare a wata na uku, sai manya suka koma cin ƙanana. Haka tarwaɗa take, shi ya sa ake tace su duk bayan mako biyu a farko, a ware manya daban. Lokacin hunturu kuma cinsu yana raguwa; wanda ya ci gaba da zuba abinci kamar da, ruɓewa zai yi ya ɓata ruwa. In ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba.

Ruwan tanki ana sauya shi duk kwana biyu ko uku, ko da zarar ya fara wari. Kada a sake shi a lungu, ya tara sauro, a kai wa Mai Unguwa ƙara. Taki ne a narke. A kai shi gindin buhunan nan, a zuba a ƙasa ban da kan ganye, za ku ga yadda alayyafo zai yi duhu.

Maigida, in kifin ya isa, kafin ka kira mai saye, ware na gida. A yi bandar wasu, a cire ƙaya, a daka, a riƙa zuba cokali guda a faten yaron da ya wuce wata shida, da na mai ciki da mai shayarwa.

Wanda ke zaman haya ya nemi izinin mai gida kafin ya kafa tanki, kuma kada a ɗora shi a kan rufi, ruwa lita 1,000 nauyin tan guda ne. A rufe bakinsa da raga saboda yara. Mai son a duba masa wuri ya ba da sunansa wajen Mai Unguwa, za mu zagayo tare da malamin gona. Yanzu a matso da buhun nan tsakiya, Hajiya, ki zo ki fara zuba ƙasar kowa ya gani.