In Mota Ta Fara Warin Mai

Yau maganarmu a kan warin mai ce a cikin mota, fetur ko esansi, duk yadda kuke kiransa a garinku.

Mai ba sai ya zuba ya yi kududdufi yake kama wuta ba. Tururinsa ne ke ci. Tururin nan kuwa ya fi iska nauyi, sai ya kwanta ƙarƙashin mota, ko cikin but, ko ramin gareji, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Don haka in wari ya yi ƙarfi kana cikin tafiya, Malam direba, sauka gefen hanya ka kashe inji, fasinja su fita su yi nesa. Mai sigari ya kashe abinsa. Kada wanda ya ƙyasta ashana da sunan haskawa.

To, sai bincike. Tambayar farko da bakanike na ƙwarai zai yi maka ita ce, yaushe warin ke zuwa?

In bayan an sha mai ne kawai, fara da murfin tanki. Akwai roba zagaye a cikinsa, zafin ƙasashenmu yana busar da ita ta tsattsage. Gyara ne mai araha. Sannan motocin injekta suna da wani ɗan gwangwani mai gawayi a ciki, aikinsa ya tsotse tururin tanki ya miƙa wa inji ya ƙona. Wanda famfon gidan mai ya tsaya masa, amma ya ce a ƙara, a girgiza mota a ƙara har baki, shi ke cika gwangwanin nan da ɗanyen mai. Daga nan wari ya samu wurin zama. Masu saye a kwalba wajen 'yan ruwa-ruwa, ko 'yan bumburutu kamar yadda ake cewa a Najeriya, ku lura da abin da ke tsiyaya gefen mazurari. Jarka a but kuwa, ko an ɗaure bakinta da leda, in rana ta buge ta sai ta yi numfashi. Sau da yawa ana wahalar da bakanike, alhali ɓarawon yana bayan kujera.

In kuwa warin yana zuwa ne da zarar inji ya tashi, wannan ya fi ban tsoro. A yawancin motocin injekta famfo yana tura mai da ƙarfin da ya kai wajen bar 3, wato ya ɗara iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Tsagar da ba ta kai bakin allura ba sai ta riƙa fesawa, wani lokaci a kan ƙarfen salansa mai zafi. Kuma mai yana bushewa nan take, ba lalle ka ga ɗigo a ƙasa ba. A nan ƙurarmu ta yi rana. Da safe, inji na sanyi, buɗe bonet, wani ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, famfo zai yi 'yar ƙara na ɗan lokaci. Kai kuma ka bi tiyo da ido, ka duba gindin kowace injekta da mahaɗin filta. Inda ka ga wuri ya wanku fes a tsakiyar ƙura, ko ƙurar ta jiƙe ta yi duhu, nan ne.

Wari daga baya, cikin ɗakin mota? Motoci da yawa famfonsu na ƙarƙashin kujerar baya. Mai mai datti yana kashe famfo, a canza shi cikin gaggawa, a mayar da tsohuwar robar bakinsa a karkace. Sai tanki ya cika, wari ya tashi.

Akwai kuma wanda daga salansa yake fitowa, da baƙin hayaƙi da shan mai fiye da ƙima. Wannan inji ne ke karɓar mai fiye da iskar da zai ƙona shi. Duba filtar iska tukuna, musamman lokacin hunturu. A cire filog, buji ke nan, in ya yi baƙi ko ya jiƙe, an samu shaida. Tsofaffin motoci masu kabureta, irin su Peugeot 504, datti kan maƙale allurar da ke tsayar da mai, sai ya yi ambaliya. Ka shinshina sandar auna baƙin mai ma. In tana warin fetur, a canza baƙin man bayan gyara, don ya riga ya tsinke.

Wajen gyara, kafin a kwance tiyo a cire fiyus ɗin famfo, a bar inji ya mutu da kansa, sannan a cire kan batir. Kada ka yarda a sa maka tiyon ruwa, mai yana cinye shi. A sa tiyon da aka yi don injekta, a matse shi da kilif na ƙarfe, ban da tsinken robar taya. Sabulun da ake liƙa wa tanki a daji, na yarda yana kai mutum gari, amma iyakarsa ke nan. Walda kuma ita ce ba na so in ji. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin cike yake da tururi da iska, abin da fashewa ke buƙata. Na fi son a sayi wani tankin.

In har wuta ta kama, kada a watsa ruwa, mai yana tasowa samansa ya bazu. Yashi, ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Kuma kada a wangale bonet, a ɗan ɗaga shi a fesa ta ƙasa.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.