In Littafin Ƙungiya da Takardar Banki Suka Saɓa

 

Kusan kowa a nan yana cikin wata ƙungiya mai tara kuɗi: kwamitin masallaci, ƙungiyar manoma, ta iyayen yara, ko ta gyaran rijiyar burtsatse. Kun kuma san yadda irin waɗannan ƙungiyoyi ke mutuwa. Ranar taron shekara ma'aji ya tashi ya ce kuɗinmu kaza, wani ya ce shi alat ɗin da ya gani ba haka ya nuna ba, sai a hau kallon-kallo. Wata mai zuwa rabin mutane ba su kawo nasu ba. Sau da yawa kuwa bawan Allahn nan bai ci ko kwabo ba, lissafi ne ya kuɓuce masa, ga shi ba shi da abin da zai nuna ya wanke kansa.

Abin ya ƙaru tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da har mai sayar da ƙosai ta koma karɓar tiransifa. Da can kuɗi a hannu ake miƙa wa sakatare ya rubuta nan take. Yanzu mutum yana kwance a ɗakinsa tsakar dare zai tura, ko ya ba mai POS ya tura da sunan shagonsa, babu wanda ya san na wane ne.

Kuɗin ƙungiya yana da shaidu biyu: littafin shiga da fita da ke hannun sakataren kuɗi, da takardar bayanin asusu da banki ke bayarwa, wadda muke kira sitatimen. Ku sa a ranku tun yanzu, da wuya su faɗi adadi ɗaya a ƙarshen wata, kuma wannan ba laifi ba ne. Aikinmu shi ne mu gano dalilin kowace naira da ta raba su.

Bari in kawo misali, ku riƙe lambobin. A ce littafi ya nuna muna da naira 380,000, sitatimen kuwa ya nuna 422,900. Bambanci 42,900 ke nan, kuma banki ne ya fi yawa. Kada wani ya yi murna ya ce an samu riba.

Za a zauna mutum biyu, ɗaya da littafi, ɗaya da sitatimen. Mai littafi ya karanto layi, mai sitatimen ya nemo shi, in sun dace kowa ya sa alama a nasa da fensir. Layukan da suka rage babu alama su ne abin bincike. A misalinmu, an rubuta wa mai gyaran burtsatse cek na 60,000, littafi ya cire, amma bai kai banki ba tukuna, saboda haka kuɗin na zaune a asusu alhali ba namu ba ne. Sannan an tara 25,000 ranar Juma'a, ƙarshen wata, an rubuta a littafi, ba a kai banki ba sai Litinin. Waɗannan biyun ba a taɓa littafi a kansu, don littafi daidai yake, lokaci ne kawai bai yi ba. A wata takarda daban ake lissafa su: 422,900 a cire 60,000 a ƙara 25,000, saura 387,900. Sai dai a bi sawu a wata na gaba. Kuɗin da aka ce an kai Litinin, in bai fito a sitatimen na gaba ba, a nemi tela, wato takardar shaidar zuba kuɗin a banki. Cek kuma in ya wuce wata shida banki ba ya biyan sa, don haka kada a bar shi yana yawo a lissafi shekara guda.

Akwai kuma abin da banki ya sani, littafi bai sani ba. Wani ɗan ƙungiya da ke ci-rani a Legas ya turo 10,000 bai gaya wa kowa ba. Banki kuma ya cire 1,200 na caji. Cajin nan shi ne ake yawan mantawa, don ƙanana ne: kuɗin saƙon alat, kuɗin tura kuɗi, naira 50 ɗin gwamnati a kan tiransifa daga 10,000 zuwa sama, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan wasu cajin, da kuɗin kula da asusu. Kowanne ba ya sayen lemo, amma a bar su shekara biyu ba a rubuta ba, sun isa a kira ma'aji ɓarawo. Waɗannan a littafi ake shigar da su, kowanne da kwanan watansa. To 380,000 a ƙara 10,000 a cire 1,200, ya zama 388,800.

Kun ga har yanzu da sauran 900 tsakanin 388,800 da 387,900. A nan ne mutane ke gajiya su ce ai ɗari tara ce, ma'aji ya cika daga aljihunsa a huta. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ɗari taran nan tana iya zama kuskure biyu manya da suka ci juna, ɗaya ya ƙara, ɗaya ya rage. Kuma ma'ajin da aka saba wa ya zuba nasa in an samu giɓi, ranar da aka samu rara zai ga ai nasa ne.

Masu aikin akanta suna da dabarar neman irin wannan. In bambancin ya rabu da tara ba saura, a fara zargin an juya lamba. A misalinmu an sayi siminti da yashi na 5,400, sakatare ya rubuta 4,500, ga 900 ɗin ta fito. In kuma bambancin ya ninka wani adadi da ke littafi sau biyu daidai, a duba ko kuɗin fita aka rubuta a gefen shiga. Sai mantuwar sifiri, da rubuta abu ɗaya sau biyu, wanda ke faruwa in ma'aji da sakatare kowa ya rubuta a ranarsa.

Yanzu ga wurin da nake so sakatarori su buɗe kunne. In an gano kuskure, ba a gogewa, ba a shafa farin ruwan nan a rufe, ba a yage shafi a sake kwafa. Ko da niyyarka fari ƙal ce, shafin da aka kankare ya zama abin zargi. A ja layi ɗaya siriri a kan lambar yadda za a iya karanta ta, a rubuta ta daidai a sama, mai gyara ya sa hannu da kwanan wata, shugaba ma ya sa. In kuwa an riga an rufe lissafin wannan watan an karanta wa jama'a, kada a koma baya. A buɗe sabon layi a watan da ake ciki, a rubuta cewa gyara ne na kuɗin siminti na rana kaza, 900, a maƙala rasit. Littafi da biro ake rubuta shi, kuma a sa wa shafukansa lamba tun ranar da aka saye shi. Malam Liman ya fi ni sani, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Don haka ma'aji kada ya ji an raina amanarsa in an ce wani daban, wanda ba ya taɓa kuɗin, shi zai riƙe sitatimen ranar dubawa.

Banki ma yana kuskure. Akan cire kuɗi sau biyu, ko a cire a POS kuɗin bai je ba kuma bai dawo ba. Wannan ba a gyara shi a littafi. A rubuta wa reshen banki takarda, a ajiye kwafi mai hatiminsu, a karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce ba su warware ba, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, can ake kai ƙara. Su ma iyayenmu mata masu adashi a OPay ko Moniepoint, cikin manhajar akwai wurin fitar da sitatimen, yaranku za su nuna muku. Kuma kada a rubuta kuɗi a littafi don wani ya nuna hoton tiransifa a wayarsa, alat na bogi ya yi yawa. Sai an ga kuɗin a asusu.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe Mai Unguwa, kowace ƙungiya ta tsayar da rana a makon farko na wata don wannan zama, a karanta sakamakon a taro. Wanda ya zo da littafinsa yau ya tsaya bayan la'asar, mu duba wata ɗaya tare. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.