Wuri guda da ba a karatu



Tun da kunka fara koyon baƙi, kullum muna ce muku ku karanta duk abin da kunka gani: takardar likita, allon tasha, saƙon ɗanku da ke ci-rani. Yau za mu gaya muku wuri guda da ba a karatu. Shi ne bisa hanya, in kana tuƙin mota ko babur.

Mu yi lissafi tare. Motar da ta tashi daga Maraɗi za ta Damagaram, ta wuce Tasawa, tana gudun kilomita 90 a awa. Kowane sakan guda tana cin mita 25. Sai salula ta yi ƙara. Direba ya sadda kai ya duba, sakan 4 kawai. Motar ta ci mita 100 ke nan, tsawon filin ƙwallo, ba mai kallon gabanta. Cikin mita ɗarin nan ana iya samun amalanken jaki, ko garken awaki, ko yarinya mai tallar gyaɗa za ta ƙetare.

Kai kuwa da ka koyi karatu bana, sakan 4 ba su isarka. Sai ka haɗa baƙi da baƙi, ka koma farkon kalma. Wannan ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya fara. Amma bisa hanya lissafinka ya fi na kowa muni. Rubuta amsa ya fi karantawa haɗari, don ido da hannu da hankali duk sun bar tuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direba mai amfani da salula ya fi wanda ya aje ta shiga haɗari wajen sau 4.

Giya ita ma waɗannan sakan ɗin take sacewa, amma ta wata ƙofa. Idon mashayi yana bisa hanya, saƙon ne ke jinkiri tsakanin ido da ƙafar da ke taka birki. Ba ya gane nisan motar da ke zuwa. Abin da ya fi muni, giya tana fara kashe tsoro da kunya tun kafin ta sa mutum tangaɗi. Shi ya sa wanda ya sha yake jin ya fi kowa iya tuƙi. Za ku ji muryarsa ta hau, ya zagi dattijon da jiya yake durƙusa ma, ya ƙi ba kowa makulli. Addini ya hana ta, kun sani. Amma ba kai kaɗai ke bin hanya ba, kuma ba ka san abin da mai zuwa gabanka ya sha ba.

Wasu na cewa goro ko shayi mai ƙarfi na warware maye. Ba gaskiya ba ne. Hanta ce ke fid da giya daga jini, sannu sannu take aikinta, ba abin da ke gaggauta ta. Wanda ya kwana yana sha, da safe ma da sauranta a jikinsa.

To, ku da ke zaune baya fa? Mun san halinmu. Mutum 18 cikin mota, kowa na ganin direba yana latsa salula, kowa ya yi shiru, kada a ce ya cika fitina. Ka biya kuɗin mota, ranka na ciki. Ka ce masa cikin ladabi: "Direba, kawo in karanta maka." Ga inda karatunka zai yi rana. In kuwa ka ji warin giya bakinsa tun a tasha, ka sauke kayanka, ka gaya ma shugaban tasha ko jandarma.

Ku ma na gida, in kun san maigida na bisa hanya, kada ku dame shi da saƙo kuna fushi bai amsa ba. Zai amsa in ya tsaya.

Ga aikin da za ku kai ma malaminku. Ɗan kabu-kabu na gudun kilomita 36 a awa, watau mita 10 kowane sakan. Ya duba saƙo sakan 6. Mita nawa ya ci bai ga hanya ba? Ku rubuta amsa, sa'an nan ku fita bakin makaranta ku auna ta da taki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.